Baba Zagaye da Sifilin da Ya Ba Ni

Ƙarfe bakwai saura kwata yake jingine kekensa a bayan ɗakin gwaji, ƙarƙashin tagar da gilashinta ya tsage tun muna ɗalibai. Yana buɗe ƙofa, kafin ya taka ko'ina, sai ya cire agogo, ya zaro makullai da wayar hannu, ya zuba su cikin wani tsohon gwangwanin madara da ke kan kanta. Duk wanda zai shiga ɗakin nan haka zai yi, ko shugaban makaranta ne, domin ƙarfen aljihu yana ruɗa allurar kamfas, na'urar nan mai nuna arewa. Daga nan ya ɗauko akwatin katako mai kamfas goma sha biyu, ya jera su a kan tebur nesa da juna, ya sunkuya yana duba ko duk sun fuskanci wuri ɗaya. Wadda ta yi kasala ya goga mata maganaɗisu har ta farfaɗo. Sai ya tankaɗe garin ƙarfe da rariyar shayi, ya duba ruwan batir, ya huda sababbin kwalaye. Kafin ɗalibi na farko ya yi sallama, komai yana wurinsa.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan. Ba malamin lacca ba ne, ba shi da digiri. A takarda, mai kula da kayan ɗakin gwaji ne a sashen lantarki na kwalejin fasaha. Mu kuwa Baba Zagaye muke ce masa, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata magana da babbar 'yarsa ta faɗa mini. Ma'aikaciyar jinya ce, mun haɗu a asibiti na kai mahaifiyata awon jini. Ta ce Baba ya zauna a tsakar gida yana kwance igiyar takalmi, ya ce da mahaifiyarta, "Shekara talatin da huɗu ina sa 'ya'yan mutane zana da'ira. Yanzu kowa da mitarsa a aljihu. Ban sani ba ko abin nan ya taɓa amfanar wani, ko dai na cinye musu lokaci ne kawai."

Ni na san amsar tambayar nan. Shekara shida ina riƙe da ita, kunya ta hana ni kai masa, ga shi kuma yana shirin tafiya gida da wannan tunani a zuciya.

Bari in fara da yadda yake koyarwa, don wanda bai taɓa shiga ɗakin ba. Malaman lacca su cika allo da lissafi, mu kwafa, mu fito kanmu ya ɗau zafi. Idan muka zo wurin Baba, sai ya zura waya miƙaƙƙiya ta tsakiyar kwali, ya barbaɗa garin ƙarfe, ya haɗa batir, ya ƙwanƙwasa gefen kwalin da farce. Nan take garin ya jeru zobe-zobe kewaye da wayar. Sai ya miƙa maka kamfas ya ce ka zagaya da ita a hankali. Allurar ta yi ta juyawa tana bin da'irar, ba ta nuna wayar, ba ta guje mata.

"Kun gani? Wuta tana tafiya miƙe, maganaɗisunta yana zagaye ta. Tunda wayar miƙaƙƙiya ce, ta kowane gefe kama ɗaya, to ƙarfin nan daidai yake a duk inda ka tsaya a kan da'irar. Ka ninka shi da tsawon da'irar, abin da ya fito yana tafiya ne daidai da wutar da ka zagaye. Ka matsa nisa ninki biyu, ƙarfin ya ragu rabi. Shi ke nan abin da ya cika muku allo uku."

Haka yake bi da mu gwaji bayan gwaji: waya guda, naɗin waya mai kama da dogon bututu inda ake ƙirga zagaye nawa ne a kowane taƙi, naɗin da aka lanƙwasa ya zama zobe, bututun jan ƙarfe da wuta ke bin jikinsa amma cikinsa wayam babu maganaɗisu. Kowanne sai ka zana da'irarka da hannunka kafin ya bari ka taɓa na'urar lissafi. In ka kawo masa lamba, ba ya kallon lambar. Tambayarsa ɗaya ce, ita ta ba shi suna: "Me ka zagaye?"

Akwai kuma rikicin hannun dama. Ana gane inda maganaɗisu ya nufa ne ta ɗaga babban yatsan hannun dama ya bi wutar, sauran yatsu su naɗe. To ɗalibi yana riƙe da biro a dama, sai ya ɗaga hagu bai sani ba, amsa ta fito a juye. Ranar gwaji sai ka ga aji guda kowa ya ɗaga yatsa sama yana murɗa wuyan hannu, Baba yana bi tsakanin tebura yana cewa, "Ajiye biron! Wannan hannun na surukinka ne?" Har yau in na ga makanikin lantarki ya ajiye sukudireba kafin ya ɗaga yatsa, na san inda ya yi karatu.

Wani Dakta da ya koyar da mu, wanda yanzu shi ne shugaban sashen, ya gaya mini da bakinsa cewa shekararsa ta farko yakan zo da sassafe a ɓoye Baba ya nuna masa gwajin da zai yi magana a kai. Ya ce, "Ni na san lissafin, shi ya san wayar. Kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba." Mai ɗakin Baba kuwa nata ƙorafin daban. Ta ce duk rigar da ta wanke masa sai aljihu ya yi jan tabo, don garin ƙarfe ba ya rabuwa da shi, kuma allurar ɗinkinta ko ɗaya babu wadda ba ta manne wa almakashi.

Baba, kai ne mai zuwa kafin kowa, mai tashi bayan kowa. Kai ne ake kira in fis ya ƙone, a manta da kai ranar ɗaukar hoton yaye ɗalibai. Na duba hotunan shekararmu guda uku, Baba, ba ka cikin ko ɗaya.

Yanzu ga nawa laifin.

Ni ce ta ɗaya a ajinmu, kuma na san ni ce. 'Yan aji suna ce mini Kalkuleta, Baba shi kaɗai yake ce mini Gaggawa. Ranar gwajin ƙarshe na aikin hannu, ya kafa wani baƙin bututun roba a tsaye a tsakiyar tebur, bakinsa sama da ƙasa a toshe, ƙasan ya shige ramin tebur. Ya ba kowa kamfas da takarda. Tambaya ɗaya: akwai wuta tana gudu a cikin bututun nan ko babu?

Na zagaya da kamfas sau ɗaya, allura ko gezau. Na matso kusa, na sake zagayawa, shiru. Cikin minti biyu na rubuta: maganaɗisu sifili, saboda haka wuta sifili, babu komai a ciki. Har layi biyu na ja a ƙarƙashi. Na miƙa takarda ina kallon sauran suna ta fama.

Da kowa ya gama, Baba ya cire murfin. Waya ce guda ya lanƙwasa biyu ya murɗe su tare, wuta ta hau ta ɗaya ta sauko ta ɗayar, batir yana ɓoye a ƙarƙashin tebur. Ya ware ɗaya gefe, ya ce in kawo kamfas kusa da ɗayar. Allura ta yi tsalle ta juya.

"Me kika zagaye, Gaggawa?"

"Bututu."

"Kin zagaye mai tafiya da mai dawowa, suka kashe juna. Lissafinki daidai ne, jimilla sifili ce. Amma ba jimilla na tambaye ki ba."

Ya ba ni sifili. Mutum ɗaya ya ci cikakken maki, wani da muke kira Mai-barci, wanda kullum yake kujerar baya. Abin da ya rubuta kawai shi ne, "Ban sani ba sai an buɗe." Yau shi ne mai naɗin injin da duk masu injin niƙa na unguwarmu suke layi a shagonsa, kuma har gobe in ya gan ni sai ya ce, "Kalkuleta, a buɗe ko a bari?"

Sifilin nan ya sauko da ni daga ta ɗaya zuwa ta uku, kyautar sashe ta wuce ni. Na kai ƙara wurin Dakta, ya ce makin Baba ba ya taɓuwa. Na fito raina a ɓace, na tsaya a baranda daidai tagar nan mai tsagaggen gilashi, na ɗaga murya yadda zai ji, na ce, "Mutumin da aikinsa share tebur da goge batir, ko digiri ba shi da shi, shi ne zai kayar da ni?" Yana ciki yana mayar da kamfas akwati. Bai ɗago ba. Daga ranar ban sake gaishe shi ba har na bar makarantar. Ina rubuta wannan ne fuskata tana zafi.

Shekara takwas bayan haka ina aiki a tashar tura ruwa, ni ce mai kula da lantarkin manyan famfuna. Abokin aikina wani ne da muke kira Dogo, magidanci mai 'ya'ya huɗu, mai yawan barkwanci, wanda ya girme ni amma yake ce mini Injiniya don tsokana. Aka ce mu cire wani tsohon kebul da aka daina amfani da shi a cikin ramin siminti. Muka ɗaga murafen, sai ga kebul biyu kwance gefe da gefe, baƙaƙe, kauri ɗaya, rubutun jikinsu ya goge. Ɗaya matacce, ɗaya kuma shi ke ciyar da famfon da ke aiki. Ruwa ya taru a ƙasan ramin har idon sawu.

Na'urar da ake gwada ko waya tana da rai tana cikin motar da ta tafi wata tasha. Rana ta take, an ce mu gama kafin azahar. Abin da ke hannuna shi ne mita mai baki, irin wadda ake buɗewa a cafke waya, ta auna maganaɗisun da ke kewaye ta faɗi yawan wutar da ke gudu. Na san ba aikinta ba ne. Na san ko da wuta ba ta gudu, waya tana iya zama da rai. Amma na ce ai famfo yana aiki, nasa kebul dole ya nuna lamba, wanda ya nuna sifili shi ne mataccen. Na cafke na kusa da ni. Sifili. Ko na biyun ban gwada ba.

"Wannan ne. Yanka, Dogo."

"An gama, Injiniya."

Ya sauka cikin ruwan, ya ɗora babban almakashin yankan kebul, ya gyara tsayuwa. Ni kuma na juya ina buɗe bakin mitar in mayar da ita jaka. Ina kallon bakin nan, zobe ne rufaffe, da'ira ce sak irin wadda na zana sau ɗari a ɗakin gwaji. Wallahi ba tunani na yi ba, muryar ce kawai ta faɗo mini, da kaushinta da komai: me kika zagaye?

Kebul guda ne a ido, amma wayoyi uku ne a cikinsa. Abin da ya tafi ta wata yana dawowa ta sauran. Na zagaye su duka.

Ban san irin ihun da na yi ba. Dogo ya ce bai taɓa jin mace ta yi irinsa ba. Ya saki almakashin ya faɗa ruwa. Muka bi kebul ɗin da hannu, taƙi bayan taƙi, har akwatin da ya shiga, muka buɗe inda wayoyin suka rabu, na cafke guda ɗaya. Wuta tana gudu, amfiya tamanin da 'yan kai. Na famfon ne.

Muka koma ramin. Haƙoran almakashin sun riga sun shiga robar, sun bar tsaga biyu. Dogo ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa a jiƙe, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa, ranar har muka tashi kalma ɗaya ya faɗa, sunan ƙaramar 'yarsa. Ni na shiga bayan ɗakin injin na yi kuka kamar raina zai fita. Da aka canja wannan gaɓar kebul ɗin daga baya, na yanke guntun da ke da tsagar na ajiye a durowata.

Ya kamata washegari in tafi wurin Baba. Ban je ba. Sau biyu ina zuwa har ƙofar kwalejin in juya. Me zan ce wa mutumin da na zaga ta taga? Haka shekara shida ta wuce, har ranar da 'yarsa ta faɗa mini maganar nan a asibiti.

Ranar Talatar da ta wuce na ɗauki Dogo muka tafi ɗakin gwajin. Mun sami Baba shi kaɗai, ya jera kamfas yana dubawa, hancinsa kusan yana taɓa gilashin don idon ya yi rauni. Gwangwanin madarar yana nan. Na zuba makullaina da wayata ba tare da an ce mini ba, na yi wa Dogo alama shi ma ya zuba. Ƙarar ce ta sa ya ɗago. Na yi sallama.

Ya ce, "Wannan murya... Gaggawa ce?"

"Ni ce, Baba."

Na durƙusa a gaban teburin. Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Na ciro guntun kebul ɗin na ɗora masa a hannu, na ba shi labari tun daga ramin har akwatin, ban rage komai ba. Yana saurare yana shafa tsagar da babban yatsa.

"Me kika zagaye?" ya ce a hankali.

"Duka, Baba. Irin na wancan karon."

"Na biyun fa, kin gwada?"

"Ban gwada ba."

Ya girgiza kai. "Har yanzu Gaggawa."

Dogo ya matso ya ce, "Baba, ni ba ɗalibinka ba ne, ban taɓa ganinka ba sai yau. Amma 'ya'yana biyar yanzu, ta biyar ɗin bayan ranar nan aka haife ta." Ya miƙa masa hannu biyu. Baba ya kama na daman, ya juya shi, ya naɗe masa yatsu huɗu, ya ɗaga babban, kamar yadda yake yi wa sababbin ɗalibai. Ya daɗe yana riƙe da shi a haka.

Na ce, "Baba, maganar da na faɗa a baranda..."

"Na ji ta," ya ce. "Ta yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba ita ta fi damuna ba. Ranar na koma gida ban iya cin abinci ba. Yarinya mai ƙoƙari, na hana ta kyautarta saboda bututun roba. Shekara goma sha huɗu, duk sanda na kafa bututun nan sai na tuna ki, in ce anya ban zalunce ta ba?"

"Ba ka zalunce ni ba, Baba. Ka yafe mini."

"Na yafe tun kafin ki sauka daga barandar. Tashi, ƙasan nan akwai garin ƙarfe, zai ɓata miki zane."

Ya juya mana baya yana gyara kamfas ɗin da ya riga ya gyara. Muka bar shi har ya gama.

Baba, ga amsar tambayar da ka yi a tsakar gida, na rubuta ta a inda mutane za su gani. Kai ne ka yarda ɗaliba ta tsane ka, da dai ta fita da rabin sani. Kai ne ka san sifili iri biyu ne, na babu da na an kashe juna, ka kuma san wata rana ɗayanmu zai tsaya a kan ramin da bambancin zai zama ran mutum. Ni ɗaya ce cikin ɗaruruwan da suka bi ta ɗakinka. Ban san rami nawa ba ne, ban san Dogo nawa ba ne, kai ma ba za ka taɓa sani ba. Na gode. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta cikin iyalinka, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma da kuke koyar da sana'a, a aji ne ko a shago, ku yi irin tasa: kada ku bar yaro ya karanta lamba bai san abin da ya auna ba, ko da zai ƙi gaishe ku. Wanda kuma yake da wani Baba da ya taɓa ba shi sifilin da ya amfane shi, ya tashi ya je yau. Ni na yi shekara shida ina jinkiri, saura kwana goma sha ɗaya in makara.

Da za mu tafi, na ce ya riƙe guntun kebul ɗin ya kai gida, ya zama abin tunawa. Ya dube ni kamar na sake ɗaga hannun hagu.

"Gida me zai yi? Wa zai koya a can?" Ya buɗe kabad ya ajiye shi kusa da baƙin bututun. "Wanda zai gaje ni yana zuwa gobe in nuna masa kaya. Ki zo ki ba shi labarin da bakinki. Ƙarfe bakwai saura kwata, kada ki makara."